Agogon da Ba a Taɓa Buɗe Bayansa Ba

Watan jiya na je ɗaurin aure Shinkafi. Muna zaune a rumfa ana jiran liman, sai na lura wani saurayi kusa da ni ya kwance agogon hannunsa, ya ja ɗan maɓallin nan na gefe da farce har hannun sakan ya tsaya cak a kan sha biyu. Ya ɗora wayarsa a gwiwa ya zuba mata ido, babban yatsansa a kan maɓallin, ko numfashin kirki ba ya yi. Da minti ya cika a wayar sai ya danna, ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya waiga ko wani ya gan shi. Ni na gan shi. Na tambaye shi sakan nawa agogon yake ƙara masa a rana. Ya ce huɗu, Baba, amma in ya kwantar da shi a gefe sai ya koma biyu. Ban san lokacin da na kama hannunsa na riƙe ba. Rabona da jin wannan magana da Hausa tun ina yaro, a bakin kakana.

Irin mutanen nan na gamu da su a duk inda aiki ya kai ni. A Alƙahira na san wani mai sayar da littattafai da ba ya amsa sallama in yana saita agogo. A wata tashar jirgin ƙasa a Turai na ga dattijo ya tsaya ƙarƙashin babban agogon bango yana jiran minti ya cika, har jirginsa ya tashi ya bar shi. Kada ka ɗauka tsoron makara ne ke damunsu, da yawansu ma makararru ne. Su dai so suke su tabbata abin da ke ɗaure a hannunsu gaskiya yake faɗa.

Kakana, Allah ya jiƙansa, malamin kotu ne a Ƙauran Namoda. Ko da na yi wayo ya riga ya ajiye aiki. Gidanmu ba nisa da tashar jirgi, har mukan ji kukansa daga tsakar gida. Agogonsa ya saye shi ne a hanyar hajji. Fuskar agogon fara ce a da, tsufa ya mai da ita launin man shanu, maɗaurinsa kuwa baduku ya sake shi ya fi a ƙirga. Abin da Kaka ya fi alfahari da shi shi ne, tun da agogon ya bar hannun waɗanda suka ƙera shi ba wanda ya taɓa buɗe bayansa. Yakan ce agogon da aka buɗe ya zama kamar maganar da ta bi ta bakin mutum uku.

Kiwonsa yake yi kamar yadda ake kiwon doki. Bayan sallar asuba zai wana shi sau ashirin da huɗu, ba ƙari ba ragi. In zai kwanta sai ya duba halin da agogon ya wuni. Idan ya yi gudu, sai ya kwantar da shi a gefe, maɓalli yana kallon ƙasa, don ya rage. Idan ya ja baya, sai ya ajiye shi rigingine a kan tsumma. Ya san yadda zafin bazara ke sa shi kasala, ya san yadda yake ɗokin tafiya lokacin sanyi. Duk safiya yakan rubuta abin da agogon ya ƙara ko ya rage, da ajami, a wani tsohon littafi mai bango baƙi. Shafi bayan shafi, biyu, biyu, uku, biyu. Kakata, wadda muke kira Inna, takan ce da a ce ita aka bi lafiyarta haka, da ba ta yi furfura ba.

Agogon ba irin na saurayin Shinkafi ba ne, ko ka ja maɓallin hannun sakan ba ya tsayawa. Kaka ne ya gano dabararsa. Sai ya murɗa maɓallin baya a hankali, kamar mai jan linzami, har hannun ya yi rawa ya dakata, ya riƙe shi a nan da yatsu biyu. In ya matsa da yawa hannun ya koma baya, in ya sassauta ya kuɓuce. Ranar Juma'a kawai yake yin wannan, sauran kwanaki dubawa ce da rubutu.

Ma'auninsa shi ne rediyo. Ƙarfe bakwai na safe tashar Landan takan buga 'yan ƙara shida kafin labarai, biyar gajeru, ta shida doguwa, kuma farkon doguwar nan shi ne bakwai daidai. A ɗakinsa yake sauraro, daga shi sai ni. Aikina in riƙe bakin wayar eriya in manna ta a ƙarfen taga, don in na saki sai muryar ta nutse cikin shuuu. Da damina, in hadari ya haɗu ta wajen Zurmi, rediyon ya dinga tartsatsi kamar ana suyar gyaɗa. Har yanzu ina jin ƙanshin ɗakin, turaren wuta da tsohuwar takarda da batir ɗin da ya fara tsatsa. Ni kuma, da yake yaro ne, na saba ƙirga ƙarar da leɓɓana. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, a ta shida sai in buɗe baki in ɗaga gira. Kaka yakan ce mini, aboki, tsaya nan inda haske yake. Na ɗauka don eriya ne.

Bakwai da minti biyar zai fito zaure, inda mutane ke jiransa. Akwai ladanin unguwarmu, wanda da damina gizagizai kan ɓoye masa alfijir. Akwai direban motar Shinkafi, da wani tela mai yawan shiru, da 'yan kasuwa biyu ko uku. Kowa zai miƙo hannu, Kaka ya ce, in na ce yanzu, bakwai da shida. Su jira. Ya ce yanzu. Daga nan direba ya ɗauki lokacin ya tafi da shi, ya bai wa na Shinkafi, wasu su kai har Jangeru. A can in mutum biyu suka yi gardamar lokaci, wanda ya ce nasa na Malamin Ƙaura ne shi ya ci. Kaka ya bar kotu, ba mai kawo masa takarda ya sa hannu, ba mai neman shawararsa a kan gado. Wannan zama na safe shi ne abin da ya rage masa.

Mutum ɗaya ne bai yarda da shi ba, taubashinsa, tsohon hedimasta a Zurmi. Kowane mako biyu yakan zo ya kwana biyu ko uku, da nasa agogon da nasa rediyon. Kafin su gaisa sai sun haɗa hannuwa, agogo kusa da agogo, kawunansu na gogar juna. Hedimasta yakan ce agogon Kaka ya je Makka amma bai tuba ba. Kaka ya ce na hedimasta ɗan makaranta ne, sai an tsaya a kansa da bulala. Shekara wajen ashirin suna wannan, kuma duk sanda aka samu bambanci, in aka koma ga rediyo, na Zurmi ne ke da laifi.

Abin da ban sani ba a lokacin, kunnen Kaka ya fara mutuwa. Manyan muryoyi yana jin su kamar daga bayan bango, amma siraran ƙara, irin kukan tsuntsu da 'yan ƙarar rediyon nan, sun ɓace masa gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Bakina yake kallo.

Sai aka sa ni makarantar boko. Makarantar tana can ƙarshen gari, dole in bar gida kafin bakwai. Kaka ya ɗaure eriyar a taga da zare, ya zauna shi kaɗai. Ba ya jin ƙarar, sai ya koma jiran muryar mai karanta labarai, yana ɗaukar kalmarsa ta farko a matsayin bakwai. To mai karanta labarai mutum ne, yau ya fara da wuri, gobe ya tsaya gyaran murya ko juya takarda. Littafin mai baƙin bango ya rikice. Inda ake ganin biyu, biyu, uku, sai ga biyar gaba, huɗu baya, shida gaba. Daga baya, da na iya karatun ajami sosai, na ga shafukan da idona. Rubutun ma ya ƙanƙance, kamar mai rubutun yana jin kunyar takardar.

Wata Alhamis da yamma, bayan an gama girbin gero, hedimasta ya iso. Suka haɗa hannuwa yadda suka saba, sai hedimasta ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce akwai sakan bakwai tsakaninsu. Kaka ya ce to ya gyara nasa. Hedimasta ya ce shi da safen nan ya saita, kuma gobe a zaure za a raba gardama, a gaban kowa. Inna da labari ya kai mata ta ce sakan bakwai ko kaza ba ta gama kurɓar ruwa ba, tsofaffi biyu su rasa abin yi.

Washegari na yi ta jan ƙafa har na makara, don in gani. Hedimasta ya kafa rediyonsa a tsakiyar zaure, ya sa tela ya leƙa agogon Kaka, direba ya leƙa nasa shi hedimastan. Ƙarar ta zo, kowa ya ji ta. Direba ya ce daidai. Tela ya sake duban agogon, don mutum ne da ba ya son faɗin abin da zai ɓata wa wani, sannan ya ce da sauran bakwai. Kaka kuwa kansa na sunkuye a kan agogo, bai ɗago ba sai da Baturen da ke karanta labarai ya fara magana. Ba wanda ya kula da wannan. Kowa agogon yake kallo.

Nan fa aka shiga yi masa ta'aziyya. Ladan ya ce komai yana da ajali, ƙarfe ma yana gajiya. Direba ya ce datti ne, motarsa ma haka take yi. Hedimasta ya miƙe ya zaga zauren yana gyara babbar riga, ya ce shi ba ya farin ciki da masifar ɗan'uwa, amma a shaida. Aka haɗu a kan cewa a kai shi wurin mai gyara. Kaka dai ya bar maganar ta zauna a haka, cewa agogo ne ya tsufa.

Kwana uku ya yi a wannan hali. Yana fitowa zaure, amma in an miƙo hannu sai ya ce a tambayi na Zurmi. Tuwo kaɗan yake taɓawa. Na gan shi da hantsi zaune a ƙofar ɗaki, agogon a tafin hannunsa, yana shafa gilashin da babban yatsa. Ka gane halin da yake ciki. In ya yi shiru, mutuncinsa na nan, za a ce kayan aiki ne suka gaza. Amma mai gyara zai buɗe bayan, ya taɓa abin da lafiyarsa lau, ya lalata tafiyar da aka yi shekaru ana reno. In kuma ya yi magana, ya zama tsohon kurma, kuma wa zai zo karɓar lokaci wurin wanda ba ya jin rediyo? Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana rubuta shaidar mutane a gaban alƙali. Ya san sunan abin da ake yi wa agogon nan.

Ranar Litinin da la'asar hedimasta ya matsa, ya ce ba zai koma Zurmi ba sai ya ga ƙarshen abin. Muka tafi mu uku. Mai gyaran yana da ɗan tebur mai akwatin gilashi a gindin darbejiya, daura da tashar jirgi, inda ake jin warin baƙin mai da na gyaɗar da aka jibge ana jiran lodi. Matashi ne mai ladabi. Ya karɓi agogon da hannu biyu, ya kara a kunne ya saurara, ya ce shi dai bugun da yake ji mai tsabta ne, amma tunda manya sun ce yana ja baya, akwai wani ɗan harshe a ciki da zai tura kaɗan. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya kife agogon a kan tsumma, ya ɗauko wata siririyar wuƙa. Hedimasta ya leƙo ta kafaɗarsa yana cewa yau dai za a ga hanjin alhaji.

Bakin wuƙar ya taɓa gefen murfin ke nan, sai Kaka ya ɗora tafin hannunsa a kai.

“Aje wuƙar, ɗana,” in ji shi. “Agogon ga bai yi ƙarya ba ko sau ɗai. Ni ne ba ni ji.”

Mai gyara ya cire gilashin daga ido. Kaka ya ci gaba, da murya sama kaɗan, irin ta wanda ba ya jin kansa sosai. Ya ce ya fi shekara rabonsa da jin ƙarar nan. Ya nuna ni ya ce bakin abokinsa ne rediyonsa, boko kuma ta ɗauke masa shi. Sai a lokacin na gane dalilin tsayuwa inda haske yake. Ya ɗauki agogonsa ya ɗaura, ya ba mai gyara haƙurin ɓata masa lokaci.

A hanyar komawa hedimasta ya bar tsokana. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sai ga shi yana tafiya a baya, yana ma kakkaɓe wa Kaka ƙaiƙayi daga kafaɗa. Na ga Kaka yana ta ɓata rai. Da muka iso ƙofar gida sai ya juya.

“Kai, ba mutuwa na yi ba. In zagina za ka yi, ka ɗaga murya, yanzu ka san dalili.”

Hedimasta ya tsaya ya dube shi. Sannan ya matso daf da kunnensa ya ce da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo, “Tsohon banza. Shekara ashirin ina jiran in ka da agogon ga, ashe kai za ka faɗi ka bar shi tsaye. Wa zan gaya wa wannan a Zurmi?”

Kaka ya yi dariya har da tari. A daren ya cinye tuwonsa.

Da safe shi da kansa ya ɗauko rediyonsa ya fito da shi zaure, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaya wa mutanen abin da ya gaya wa mai gyara, bai rage komai ba, ya ce wanda ya ga ya fi masa ya nemi lokaci wani wuri, ba laifi. Ladan ne ya fara magana, ya ce su dai duk suna da kunne, amma ba mai agogon da za a dogara da shi, ba kuma mai yatsun da za su riƙe hannun sakan. Hedimasta, da ya ga aji ya samu, nan take ya tsara su. Kowa ya ɗaga hannu yatsu a buɗe, a lanƙwasa ɗaya a kowace gajeruwar ƙara, a ta shida a sauke hannu a kan gwiwa.

Ba zan manta da wannan safiya ba, ko da yake na sha bulala a makaranta saboda ita. Dattawa shida da hannuwa a sama kamar masu rantsuwa, ƙarar na tafiya, kowa na lanƙwasa yatsa a nasa lokacin. Da aka gama Kaka ya ce wannan ba shaida ba ce, hayaniya ce. Ya ce ladan yana ja kamar yadda yake jan kiran salla, direba kuma yana riga ƙarar isowa. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har kwana huɗu, a ƙarshe ya zaɓi tela, ya ce hannun da ya saba da allura ba ya wuce wuri. Tela ya riƙe wannan aiki har ƙarshen rayuwar Kaka, kuma ban taɓa ganin ya yi alfahari da wani abu kamarsa ba. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwan ya daina zuwa. Sauran suka ci gaba, har ma aka ƙaru, don yanzu akwai abin kallo.

Bayan mako biyu littafin ya koma yadda yake. Biyu, biyu, uku, biyu. Kaka ya bi mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu shafin, har da waɗanda ba su iya karatu ba. Ya sa aka kai wa mai gyara ma ya gani. Ya ce tunda a gaban jama'a aka ɓata sunan agogon, a gaban jama'a za a gyara shi.

Yau zauren nan shago ne, ana cajin waya a cikinsa. Hanyar Zurmi da hedimasta ke bi ba tare da tunanin komai ba, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a tashi. Lokaci kuwa ya zama kamar iska, kowa na da shi a aljihu, na Ƙaura da na Jangeru da na Landan duk bakinsu ɗaya, ba wanda ya ɗauko shi ya kawo wa wani. Ba na cewa da ta fi yanzu. Ladanin unguwarmu na yau bai taɓa kuskuren alfijir ba. Sai dai ba shi da dalilin zuwa gaida kowa da safe.

Ni ma na kusa shekarun da Kaka yake a lokacin. Kwanakin baya jikata, wadda ke zaune tare da mu tana karatu, ta shigo tana faɗa, wai sau uku tana kirana a waya ban ɗauka ba, alhali ga wayar a kan tebur kusa da ni. Na dubi wayar, na dube ta. Na ce mata ai wayar ce, kwanan nan ba ta ƙara sosai. Ta ɗauka ta kai kasuwa wurin masu gyara, ban hana ta ba. Suka buɗe, suka hura, suka sake wani abu a ciki, ta dawo mini da ita a leda tana murna. Na yi mata godiya, na sa mata albarka.

Kakana kwana uku ya iya yi. Ni yau wata biyu ke nan wayar tana ɗauke da laifina.